Shuɗin da Ya Ƙi Fita

Ana saukowa daga sallar Juma'a aka kira ofishin 'yan sanda na unguwar Xiaobei: an tsinci gawar Alhaji Barmo a masana'antarsa. Aka ba Insfekta Kuang aikin, don ya karanci Hausa a jami'a kuma ya daɗe cikin 'yan kasuwar Afirka.

Masana'antar ɗaki biyu ce a bayan gari. Hodar tawada ta injin buga takardu suke yi. Gawar na kwance gefen injin niƙa, ƙeya a fashe, ga ƙarfen juya ganga a yashe. Ganga guda ta kife, shuɗiyar hoda ta rufe ƙasa.

Hajiya Surayya, matar mamacin, na tsaye a ƙofa. Ba kuka take yi ba, huci take. Ta ce wannan shuɗin sabo ne, yau da safe aka fara haɗa shi, ko cokali bai fita daga ɗakin ba.

"Issa za ku kama, Yallaɓai. Shi ke haɗa musu hodar, jiya har zagin Alhaji ya yi."

A titin Huanshi Lu aka samo Issa, mutumin Zinder, ɓoye a ɗakin wani abokinsa. Ya rantse bai je aiki ba yau. Insfekta ya kama hannunsa ya juya. Ƙarƙashin farcensa shuɗi ne.

"Ƙarya ta farko ke nan. Me ya sa ka gudu?"

Issa ya fashe da faɗa. Takardar zamansa ta ƙare, Alhaji yana ta yi masa gobe-gobe kan sabunta ta, shi ne rigimar jiya. Ya je da safe, ya haɗa hodar, ya tafi masallacin Huaisheng ya bar Alhaji da rai yana jiran baƙo. Da ya ji labari ya san shi za a fara nema.

Insfekta ya tambaye shi yadda aka yi rigarsa fes. Issa ya ce da ruwan sanyi ya ɗauraye ta. Kowace ƙwayar launi lulluɓe take da siririn ɓawon roba, shi ne ke narkewa cikin inji ya kama takarda. Ruwan sanyi na kwashe ta. Amma in zafi ya taɓa ta a jikin tufa, ta zauna ke nan.

"Wane baƙo yake jira?"

"Bai faɗa mini ba. Na dai san ransa a ɓace yake. Daga Kano ake ta bugo masa waya, wai kayanmu na ƙona wa mutane inji. Wallahi abin da na haɗa ba ya ƙona inji."

Mutum ɗaya ke loda kayan Barmo zuwa Kano: Lukman, ɗan zangon Kumasi, mai sito kusa da titin Guangyuan. Ya tarbi Insfekta da shayi da jimami, ya ce rabonsa da masana'antar tun watan jiya, yau kuwa yana sahun gaba a masallaci.

Insfekta ya bar shi yana zuba, ya zaga bayan sito. Ya tarar da tarin kwalaye masu tambarin Barmo, babu komai ciki, da buhunan wata hoda mai gautsi marar suna. Ya murza ta a yatsa, ta yi ƙasa-ƙasa kamar toka. Sai ga Lukman ya biyo shi.

"Wannan fa?"

"Ajiyar wani ce, Masta."

"Wa?"

Insfekta bai jira amsa ba, ya wuce ciki.

A ɗan ɗakin da Lukman ke kwana, dutsen guga na nan da ɗuminsa. Farar jallabiya na rataye, an wanke an goge. Daga ƙirji har hannun dama shuɗi ya kama ta, yana sheƙi kamar fenti. Insfekta ya kankara da farce, ko gezau.

"Da tafasasshen ruwa ka wanke, ka bi da guga. Da hannunka ka buga shaidar a jikin rigarka. Wannan launin yau aka haife shi, a ɗaki ɗaya tak."

Lukman ya shuri kujera. Ya ce eh, yana juye hodar Barmo ya sayar daban, ya cika kwalayen da ta banza. Barmo ya gano, ya kira shi, ya ce bayan salla zai tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa kowa.

"Na durƙusa masa. Ni da na girme shi. Ya ce in tashi kada in ɓata masa hoda. Wa zai ƙara ba ni kaya a garin nan in ya yi magana? Sai na ga ƙarfen a hannuna."

Aka sa masa ankwa. Ana fitowa da shi, Surayya ta sauko daga tasi. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Kai ne ka bugo mini ɗazu kana kuka, kana cewa ka yi rashin ɗan'uwa."

Lukman ya sunkuyar da kai. Insfekta ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa da ƙarfi.