Jan Zaren Ludayi

"Ka mai da ni gidanmu Maigatari kawai, Abban Sumayya."

Jamaluddeen ya ajiye makullin Keke Napep ɗinsa a hankali. "Haba Tayyibata... me kuma na yi?"

"Ba kai ba ne. Ciwon daji na haƙura da shi, ƙarin ruwan da ya zubar min da gashi ma na saba. Amma 'yata tana gida ɗaya da ni, a hana ni ɗaukarta?"

Ya san gaskiya ta faɗa.

Tun da aka gano ciwon a nononta, Inna mahaifiyarsa ta baro rugarsu ta Gagarawa ta zo Gumel jinya. Wallahi mace ce mai kirki, ba ta san gajiya ba. Sai dai a saninta ciwon ɗauka ake yi. Ta ɗaura jan zare a ludayin Tayyiba kada wani ya sha da shi, ta goye Sumayya a baya kamar za a sace ta. Shi kuwa ɗan nata ya dubi idon Inna ya ce ta yi kuskure? Ina!

"Ki ba ni zuwa Laraba, hasken idona," ya ce.

Laraba ake koyar da masu ciwon da danginsu a ɗakin taron asibiti. Su biyu suka saba zuwa. Wannan karon ya durƙusa gaban Inna, ya ce ana son mai dama wa marar lafiya fura ta je ta ji da kunnenta.

"Ni za a koya wa fura?" in ji Inna, tana jawo mayafi.

Malama Ummulkhair, nas ɗin da ke koyarwa, ta fara da tafasa madara da dabarun rage tashin zuciya. Can ta dubi jama'a.

"Iyayena, ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ba a kofi, ba a numfashi, ba a runguma. Ni kaina na yi shi, 'ya'yana a jikina suke barci har Allah ya ba ni lafiya. Abin da ya fi karya marar lafiya shi ne nasa su guje shi."

Har suka koma gida Sumayya na nan goye a bayan Inna. Zuciyar Tayyiba ta karye, ta fara tunanin haɗa kayanta.

Bayan la'asar sai ga Inna da ƙwaryar fura, Sumayya a goye. Ta zauna a tabarmar Tayyiba, ta ɗauki ludayin, ta tsinke zaren da haƙori. Sannan ta ɗebo ta sha. Innar da ko ruwa ba ta taɓa kurɓa a gaban surukarta ba saboda kunya!

Ta kwance goyon, ta ɗora mata yarinyar a cinya.

"Tsoro ne, 'yar nan, ba ƙi ba. Sha, ki ba ta."

"Inna... na gode. Allah ya saka miki da aljanna." Kuka ya ci ƙarfinta, kukan daɗi da ta manta akwai irinsa.

Jamaluddeen yana bakin ƙofa, idonsa ja wur, amma sai da ya tsokane ta.

"To, in tayar da keken? Maigatari fa da nisa."

Ta cusa fuskarta a wuyan Sumayya.

"Kashe kekenka, Abban Sumayya. Ina gida."