Hoton Ƙirji a Bakin Tabki

A Rabat na yi shekarun ƙwarewa kan karanta hoton cikin jiki. Na dawo Madarumfa, inda babu injin ɗauka, sai dai mutane su kawo mini hotunan da aka yi musu a Maraɗi, in ɗaga su a hasken taga.

Wata rana da damina, ina kan moto, wato babur, daga Gabi bayan isha'i, wata tsohuwa ta tsai da ni a bakin tabki. Zanenta jiƙe yake, tana warin laka. Kwaɗi duk sun yi shiru.

"Lokotoro, duba mini wannan hoton. Mai ƙirjin zai kai girbin gero?"

"Inna, ki zo gida da safe."

"Safiya ta yi nisa, ɗana."

Ta riƙe hoton gaban fitilar moto. Malamanmu sun hore mu da fara karanta suna, amma idona ya wuce kan huhu. Ƙari ya cinye na dama, ya tsallaka na hagu.

Na ce, "Ba zai kai ba. Ku bar shi gida, ku daina wahalar da shi."

"Haka na gaya musu."

Sai na lura haske yana ratsa yatsunta, babu inuwar ƙashi ko ɗaya. Na nemi suna a gefen hoton, babu. Ƙasa-ƙasa a hagu akwai haƙarƙarin da ya taɓa karyewa, ya haɗe a karkace. Na sa hannu cikin rigata. Tudun yana nan, inda amalanken jaki ya bar mini shi tun ina yaro.