Darasi Talatin da Huɗu

Ranar da ta fara shigowa ofishinsa, Mataimakin Shugaban Makaranta yana tsaye a kan kujera yana kokawa da wata fanka da ta ƙi juyawa. Ta yi sallama. Ya waiwayo zai amsa, kujerar ta yi gefe, da ƙyar ya dafe bango.

"An turo ni koyar da kemistiri," ta ce, tana miƙa masa takarda, tana danne dariya.

Shekara biyu makarantar ba ta da malamin kemistiri. Ɗalibai ɗari tara, malamai goma sha bakwai, shugaban makaranta kuma yana kwance a asibiti tun farkon zango. Komai ya dawo wuyan Mataimaki, saurayi ɗan shekara talatin da bai taɓa neman kujerar ba. Takardar nan ta isa a yi mata murna, amma bawan Allah ba takardar yake kallo ba.

Kafin wata biyu, saƙonnin da suka fara da maganar alli da rajista sun canza launi.

"Malama, kin isa gida lafiya? Na ga kin manta jan bironki a ofis. Na ajiye shi a aljihun gaba, kusa da inda kike."

"Ranka ya daɗe, ashe shugabanni ma suna iya zance? Ka riƙe shi amana. Ka ci abinci, na ga yau ko ruwa ba ka sha ba."

Tun daga nan ya koma kiranta Sanyin Raina, ita kuma ta ƙi sakin "Ranka ya daɗe", sai dai yadda take faɗarsa ya daina kama da na ofis.

To, ɗakin malamai ba ya barci. Wata rana yana wucewa ya ji malamin tarihi, wanda ya girme shi da shekara ashirin, yana cewa, "Ku bari sabon jadawali ya fito. A nan ake gane 'yar gaban goshi."

Maganar ta tsaya masa a rai. A makaranta, jadawalin darussa shi ne ma'aunin adalci. Malamai biyu sun riga sun ce za su tafi in aka ƙara musu ko darasi ɗaya, ga azuzuwan da ba su da malamin lissafi sam. Tsoro ya kama shi. Ya ɗauki fensir, duk akwatin jadawalin da ya rasa mai shi sai ya rubuta sunanta. Kowa ya tashi da darasi ashirin da biyu a mako. Ita ta tashi da talatin da huɗu.

Ranar da aka manna jadawalin ba wanda ya yi gunaguni, har malamin tarihi ya jinjina masa. Ita kuwa ta daɗe tsaye a gaban allon sanarwa, sannan ta wuce aji.

Mako uku ta yi tana fita wannan aji tana shiga wancan, ba ta ko samun zama. Muryarta ta dushe. Saƙonninta suka koma "To" da "Na gode". Shi kuma gogan naka yana ta fama da rufin da ke yoyo da iyayen da ke cika masa ofis, yana ce wa kansa ai ta fahimta. A mako na huɗu jiri ya ɗebe ta a gaban ɗalibai, aka kai ta gida.

Washegari saƙonta ya shigo.

"Baba ya ga jadawalina. Ya ce ƙarshen wata zan ajiye aiki. Mai makarantar kuɗin nan ta bayan asibiti ya zo sau biyu, ya ce darasi goma sha shida kawai zan riƙa yi. Kuma ba aiki kaɗai ya kawo shi ba, ya gaya wa Baba. In korata kake so, da ka faɗa min da bakinka."

Ya karanta sau uku. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Sanyin Raina, wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son ki zauna ba. Kada ki yanke hukunci sai kin ji ni. Ina zuwa."

Ana tashi daga makaranta ya nufi gidansu. Mahaifinta tsohon shugaban makaranta ne, shekara talatin ya yi a kujerar kafin ya yi ritaya. Ya bar Mataimaki ya gama gaisuwarsa a durƙushe, sannan ya shimfiɗa jadawalin a kan tebur.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Na rubuta irinsa ya fi sau sittin. A zamaninmu, in kana son malami ya tafi ba tare da ka ba shi takardar kora ba, haka ake yi masa. A cika masa mako har ya gudu da ƙafarsa. Me 'yata ta yi maka?"

Sai a lokacin Mataimaki ya ga abin da ya aikata.

"Baba, sonta nake yi. Aurenta nake so. Tsoro na ji kada a ce na fifita ta, malamai su watse min."

"Wato ka zalunce ta don a ce kai adali ne." Tsohon ya cire tabarau. "Yau malamai ka ji wa tsoro. Gobe 'yan uwanka ne, jibi maƙwabta. Duk ranar da ka ji tsoron bakin mutane, ita za ta biya. Ba zan ba ka ita ba."

Labule ya motsa. Ta fito sanye da mayafi, ta rame, ta zauna gefen mahaifinta. Muryarta da ƙyar take fita.

"Ba nauyin ne ya fi yi min ciwo ba. Da ka zo ka ce, ga halin da nake ciki, ki taimake ni, da na ɗauka da hannu biyu. Amma a allo na gani, kamar kowa."

"Na yi kuskure," ya ce, idonsa ya cika. "Ki yafe min. Baba, a ba ni dama ɗaya."

Tsohon ya dube shi, ya dubi 'yarsa da ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya tura masa fensir da magogi.

"Gyara. A gabana. Ka mai da ita ashirin da biyu, kuma kada ka ɗora wa wani malami ko ɗaya."

Darasi goma sha biyu ke neman mai su. Mataimaki ya goge, ya rubuta, ya sake gogewa har takardar ta kusa hujewa. Duk inda ya taɓa sai wani aji ya zauna ba malami. Ya san in ya tashi daga teburin nan bai gama ba, ya rasa ta ke nan. Can ya ja numfashi, ya fara rubuta sunansa a akwatunan, ɗaya bayan ɗaya, a kan darussan da yake da su, har takwas.

"Ofis fa?" in ji tsohon.

"Ofis ya jira a tashi, Baba."

"Saura huɗu."

Ya ƙura wa akwatunan ido. Duk huɗun sun faɗa lokacin da shi ma yake cikin wani aji. Ya ajiye fensirin.

"Waɗannan ba ni da yadda zan yi da su. Sau shida ina rubuta wa ma'aikatar ilimi a turo malami. Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ba zan sake mayar mata da su ba. Na kasa, Baba."

Hawaye ya gangaro mata. Tsohon ya mayar da tabaransa, ya jawo takardar gabansa, ya daɗe yana dubawa.

"Lissafin 'yan aji ɗaya ne?"

"Shi ne, Baba."

"Talata da Alhamis ba na komai sai rigima da mahaifiyarta." Ya ɗauki fensirin ya rubuta sunansa a akwatuna huɗun, da irin rubutun nan na malaman da. "Ka tanadar min alli mai kyau. Kuma ka ce wa manyanka ina son ganinsu."

Ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Mataimaki ya sake durƙusawa yana godiya.

A hutun ƙarshen zango aka ɗaura auren. Malamai goma sha bakwai ba wanda ya yi fashi, malamin tarihi ma shi ya fi kowa kai-kawo, yana cewa ai shi tun farko ya gani. Da za a tafi da amarya, tsohon ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Na ba ka ita. In abu ya yi maka nauyi, ita za ka fara gaya wa, kafin kowa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," suka ce a tare, ita a hankali, shi da ƙarfi.