Dutsen da Mbwana Ya Ɗauko daga Ƙasan Teku

Magariba ta kawo jiki a Shimoni, garin bakin teku. Riziki tana gugar kwakwa a bakin murhu, mijinta Mbwana kuwa yana tsugune gaban tankinsa na gilashi da tsohon burushin haƙori a hannu. Shekara talatin ya yi yana nutso yana kamo ƙananan kifayen ado ana kai su Mombasa, ba wanda zai koya masa ruwan gishiri. Amma tankin nan ya gagare shi. Gansakuka ce koriya, doguwa kamar gashin mutum. In ya kankare ta da yamma, kafin gari ya waye ta dawo ta shaƙe murjanin teku da ke cikin tankin.

Ba abin da bai yi ba, bawan Allah. Ya rage abincin kifi, ya sauya ruwa har bayansa ya ƙage, ya rage hasken fitila, ya zuba dodon koɗi su cinye ta. Kullum sai ya ɗiga maganin awo a 'yar kwalba, kullum ruwan ya rikiɗe shuɗi, alamar fosfet ya yi yawa, shi ne kuwa abincin gansakuka.

Ya san inda yake fitowa, kawar da kai kawai yake yi. Wata huɗu da suka wuce ɗansa Sudi ya yi nutso a mashigin tsibirin Wasini, bai sake fitowa ba. Kwana bakwai ana nema, ko takalmin nutsonsa ba a gani ba. A na takwas Mbwana ya sauka shi kaɗai, ya ɓamɓaro wani dutsen murjani daga ƙasa ya kawo gida ya saka a tankin. Masu nutso ba sa taɓa komai a wurin sai sun ɗaura farin ƙyalle sun nemi izinin aljanar da ke da wurin, shi baƙin ciki ya mantar da shi. Kowa a sana'ar kuma ya san tsohon dutse sai an jiƙa shi makonni a rufaffen duro ya amayar da fosfet ɗin da ya sha. Mbwana ya ce ba zai kulle abin ɗansa a duhu ba.

Yana cikin kankarar sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Sai na biyu. Riziki ta leƙa tsakar gida ta tsinto gutsuren murjani, jiƙe, yana warin teku, ba kowa a waje. Tana juyowa ta ga 'yarsu Mishi, budurwa 'yar sha bakwai, tsaye gaban tankin, ruwa na ɗiga daga kitsonta alhali ba ta yi wanka ba.

"A buɗe yake," in ji Mishi, da muryar tsohuwa. "Kun bar shi a buɗe."

Kwana tara ana haka. Da magariba ta yi sai jifa, sai muryar. Mishi ta daina ci, ta rame, ko ruwa ta kurɓa sai ta tofar ta ce gishiri ne.

"Baban Sudi, fitar da dutsen nan daga gidan nan," in ji Riziki.

"Shi kaɗai ya rage min."

"Mishi fa? Tsintar ta muka yi?"

Kunya ta kama shi, amma bai fitar da dutsen ba. Ita ce ta shiga kwale-kwale ta haye Wasini ta ɗauko Mwalimu Shee, tsohon malamin da ake kai wa irin wannan.

Bayan la'asar ya zo. Ya sa turare a kasko, ya yayyafa ruwan wardi, ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar har jikinta ya sandare.

"Wace ce ke, kuma me kike nema a jikin 'yar mutane?" in ji shi.

"Ni ce mai wurin can na ƙasan mashigin. Dutsena nake so."

"Don dutse kike azabtar da yarinya? Ki ji tsoron Allah. Teku cike take da duwatsu."

"Ba ni da bakin da zan yi magana sai nata. Uban ba ya ji." Idon Mishi ya juya kan Mbwana. "Yaronka ya sauko min numfashinsa ya ƙare. Kifaye suka taru. Na kore su, na kwantar da shi, na jera masa duwatsu da hannuna, na fuskantar da shi inda kuke fuskanta. Kai kuma ka zo ka cire na kan fuskarsa."

Riziki ta toshe baki da zane. Mbwana ya zauna a ƙasa.

"Wata huɗu ina zaune ina tare wurin da jikina. Na gaji, Mwalimu," in ji muryar.

"In an mayar, za ki fita, ba dawowa?"

"Zan fita. Amma shi zai kawo da hannunsa, kuma daga ranar ba zai ƙara nutso a wurin ba."

"Ko sau ɗaya a shekara," in ji Mbwana. "Ziyara kawai."

"Mazauna tudu suna da makabartarsu. Wannan nawa ne yanzu."

Mwalimu ya sa ta rantse. Mishi ta yi atishawa uku, ta kife, ta farka tana tambayar uwarta abin da ya sa kowa ke kuka.

Washegari da hantsi, ruwan teku ya janye, Mbwana da Riziki suka fita a kwale-kwale. Mbwana ya ɗaura farin ƙyalle, ya rungume dutsen da gansakukarsa a ƙirji, ya sauka. Riziki ta ƙura wa ruwan ido. Ya daɗe, ya daɗe fiye da yadda tsoho ya kamata ya daɗe, har ta miƙe tsaye. Sannan kansa ya ɓullo. Ya kama gefen jirgin, bai cire gilashin fuskarsa ba.

"Ka gan shi?" in ji ta.

"Na rufe shi, Maman Sudi."

Ta miƙa masa hannu ta jawo shi ciki.