Shafi Na Casa'in Da Biyu

Ranar da ta fara shiga shagonsa na buga takardu a bakin jami'a, injin ya cinye mata shafi uku. Ya zaro su yana ba ta haƙuri, ya kuma nuna mata kuskure biyu a rubutunta.

"Mai shago ne kai ko farfesa?" ta ce tana dariya.

"A sakandare na tsaya. Abin da kuke kawowa nake karantawa."

Tun ranar ta sa masa Malam Gyara, shi kuma yana ce mata Haskena. Digiri na biyu take yi, tana nazarin yadda samari ke shawo kan 'yan mata da saƙon waya.

Da maganar aurensu ta taso, babanta, tsohon mai karanta labarai a rediyo, ya ce sam. Wani matashin lakcara ya fi kwanta masa a rai. Ranar da aka sallami Malam Gyara daga bakin ƙofa, ya rubuta mata:

"Haskena, ba ni da takardar da zan nuna wa Baba. Duk littafin da na ɗinke, sunan wani ne a bangonsa. Ke kaɗai nake fatan a ce tawa ce."

Bayan wata huɗu ta turo masa kundinta ya buga. Ya karanta kamar yadda ya saba. A shafi na casa'in da biyu ya ga saƙonsa, ko wasali ba a canza ba. An rubuta a ƙarƙashinsa: "Misali na 14: dabarar neman tausayi."

Da ya so, da ya goge. Amma aikin amana ne. Ya buga kwafi huɗu, ya ɗinke, ya tura mata: "An gama. Shafi na 92 ma ya fito tas."

Ta zo a guje.

"Ai ban sa sunanka ba!"

"Sauran samarin kin nemi izininsu?"

"Na nema."

"Ni fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na san ba za ka yarda ba. Kuma naka ya fi na kowa kyau."

"Ba dabara ba ce, Haskena. Kuka nake yi lokacin da na rubuta."

Ta janye kundin, saura kwana uku ta kare shi gaban malamai. Shekara guda ta tafi a banza. Da babanta ya ji dalili, sai ya ce, "Mutumin da ya ɗinke abin kunyarsa da hannunsa bai taɓa harafi ba? A ce masa ya turo iyayensa."

An ɗaura aure. Baba ya dafa kansu, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya rufa musu asiri. Addu'ar ta karɓu, suna zaune lafiya.

Sai dai har yau, in wayarta ta yi ƙara ta ɗauka da sauri tana fatan saƙo irin na da, abin da take gani daga gare shi kawai shi ne: "Na iso shago."