Wayar da Baba Yake Bi

Yana bisa tsani, da ƙusa a bakinsa, ya fara ganinta. Ta shigo falon riƙe da kofin shayi, ta tsallake waya ɗaya, ta tsallake ta biyu, ta uku ta harɗe mata ƙafa. Shayi sai ƙasa.

"Kai, wannan falo! Wata rana wayoyin nan sai sun karya mutum," ta ce.

Ya cire ƙusar. "Ai shi ya sa aka kira ni. Don Allah riƙe mini tsanin nan, yana rawa."

Tsani kam lafiyarsa ƙalau, wanda ke kansa ne yake rawa.

Ita ce autar gidan, Auta kowa ke ce mata. A kusurwar falon take aikinta na kwamfuta, kuma ita ta matsa a kira mai gyaran wuta, don wayar talabijin da ta fanka da ta firinta duk sun cukurkuɗe kamar zare a hannun yaro. Ga wata doguwar farar waya da ta taso daga gindin kujerar Baba, ta ratsa tsakiyar falo har ƙofar ɗakinsa.

Aikin yini ɗaya ne, amma bawan Allahn nan sai da ya ja shi kwana biyar. Yau ya manta abu kaza, gobe soket bai kwanta masa ba. Rana ta uku ya turo mata saƙo:

"Mai riƙe tsanina, gobe ma tsanin zai yi rawa. Ki taimaka."

Ta amsa: "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Ƙarfe nawa za ka zo?"

Mama tana lura da su, tana dariyarta ƙasa-ƙasa. Baba kuwa yana kujerarsa da jarida.

Ran ƙarshe Baba ya je gidan ƙaninsa, Injiniya ya samu sarari. Ya tattara wayoyin ya ɗaure, ya bi da su ta gefen bango. Ya mayar da teburin Auta bakin taga, ya matsar da kujerar Baba inda iska ke shigowa, ya naɗe farar wayar ya jefa a jakarsa. Falo ya fito fes, har Auta ta tafa. Da dare ƙanin ya rako Baba har ƙofar ɗakinsa.

Washegari da safe Baba ya fito daga ɗaki, ya yi taku huɗu, ya yi karo da tebur ya faɗi. Goshinsa ya fashe.

"Kada yaron nan ya sake tako mini gida!" ya ce, Mama tana danne masa ciwon da tsumma. "Ke kuma Auta, ki cire shi daga ranki. Na gama magana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, cikin fushin ta rubuta masa:

"Me ka bari a ƙasa? Baba ya ji ciwo saboda sakacinka. Kar ka kira ni."

Labari bai kwana ba ya isa kunnen ɗan ƙanwar Mama, mai shagon kujeru, wanda ya daɗe yana son Auta. Sai ga mota da manyan kujeru shida, wai kyauta ce ga Baba. Suka cinye falon kaf. Daga ranar Baba ya daina fitowa, abinci ma a ɗaki ake kai masa.

Injiniya ya rame, abin tausayi. Tambaya ɗaya ta hana shi sukuni: mutumin da bai taɓa faɗuwa cikin tarin wayoyi ba, me zai kayar da shi a fili?

Wata ranar Asabar yana zazzage jakarsa, farar wayar ta faɗo. Ya shafa ta, ya ji bayanta ya suɗe sumul daga farko har ƙarshe. Nan ya tuna Baba kullum ba takalmi yake tafiya a falon, yana jan babban yatsansa a kanta. Ya tuna jaridar da kwana huɗu ba a juya shafinta ba. Sai ya gane komai.

Saƙo ɗaya zai tura wa Auta ya wanke kansa. Ya ɗauki wayar salularsa, ya daɗe yana kallonta, ya mayar aljihu.

Ya bari sai da Auta ta fita, ya roƙi Mama ta bar shi ya shiga. Ya ture kujerun nan jikin bango, ya mayar da ta Baba daidai inda sawunta ya fito a kafet. Sannan ya kafa farar wayar a bango, daidai tsayin hannu, tun daga ƙofar ɗakin Baba, ta biya ta kujerarsa, har ƙofar fita. Ya durƙusa a bakin ɗakin.

"Baba, ni ne. Na zo gyara ɓarnata. Ka miƙa hannunka na dama."

Ƙofar ta buɗe. Can Baba ya miƙa hannu, ya taɓa wayar, ya bi ta a hankali har ya zauna a kujerarsa.

"Wutar ina take kaiwa?"

"Ba ta kai wuta ko'ina, Baba."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Har ita?"

"Har ita. Ba sirrina ba ne."

Baba ya goge ido da hannun riga. "Shekara biyu ke nan ganina yana tafiya. Ina tsoron su mayar da ni abin lallaɓawa a cikin gidana. Na ɗora maka laifi, ɗana, ka yafe mini."

Da yamma ya tara iyalinsa ya gaya musu da bakinsa. Mama ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce gobe-goben nan sai asibiti. Kujerun kyauta kuwa aka mayar wa mai su da godiya. Auta ta shige ɗaki ta rubuta:

"Injiniyana, ka bari na zarge ka don ka rufa wa Baba asiri? Ka yafe mini. Ina son ka, wallahi."

"Ba ki yi mini komai ba, mai riƙe tsanina. Ki dai riƙe shi da kyau."

Likita ya ceto ido ɗaya, shi ma dishi-dishi. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya ce ba mai raka 'yarsa ƙofa sai shi. Ya kama hannunta da hagu, ya kama wayar da dama, suka ratsa falon tana kuka. A bakin ƙofa yatsunsa suka taɓa ƙusa ta ƙarshe, ya tsaya, ya laluba hannun ango ya ɗora nata a ciki.

"Iyakar wayata ke nan," ya ce. "Daga nan kai za ka riƙe ta. Allah ya yi muku albarka, ya haskaka muku gidanku."

Falon ya ɗauka da amin.