Sunan Da Na Ƙi Gogewa

"Ku fid da akwatunan lefen! Duka!"

Muryar Inna Tala ce, mahaifiyar Ridwanu, a tsakar gidanmu na Gazawa da rana tsaka. Saura kwana tara bikinmu.

Na durƙusa na riƙe gefen zanenta.

"Inna, wallahi ba ni na rubuta ba..."

"Ga hotonki, ga sunanki! Aljani ya rubuta?" Ta fizge zanenta. "Ɗiyar da ka gayyatar maza a salula ba ta shiga gidana!"

Lubna, ɗiyar ƙanwarta, tana tsaye a bayanta, wai ita mai jimami. Ita ta kai mata saƙonnin tun da safe. Ta daɗe tana son Ridwanu, faɗuwa ta zo mata daidai da zama.

Ni kuwa na san inda na yi wauta.

Wata biyu kafin nan na je rumfarsa ta gyaran waya, kusa da tashar mota. Ya ɗago fuska babu wasa.

"Rufaida, shafin da kike odar turare an yi masu kutse, an kwashe kod ɗin sirrin mutane. Mi kika sa?"

"Sunanka mana, da shekarar da muka haɗu."

"A nan kaɗai?"

"Ko'ina! Ai zuciyar guda ce."

"Zumata, canza shi yau. Kowane shafi da nashi kod, kuma ban da sunan mutum."

Na turo baki.

"In goge sunanka da hannuna ana gab da biki? Kakata ta ce mai goge sunan masoyi rabuwa take kira. Allah ya kiyaye!"

Ya yi dariya, ya ce camfi ne. Na ce zan canza, ban canza ba. Kunne ya ji, amma jiki bai tsira ba.

Da wannan kod mai sunansa wani da ban taɓa gani ba ya buɗe shafina na zumunta, ya kore ni, ya dinga aika wa maza maganganun da ko a mafarki bakina ba zai iya faɗa ba. Har limamin unguwarmu ya samu.

Sati guda bayan kwashe lefen Ridwanu ya ƙwato min shafin. Na same shi a rumfa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Ka yarda ba ni ba ce?"

"Ko minti guda ban zarge ki ba."

"To ka gaya wa Inna!"

"Na gaya mata har da kukana. Ta ce in na aure ki, ba ta yafe mani nononta ba." Ya sunkuyar da kai. "An sa ranata da Lubna, bayan Sallah."

Ina sonsa, kuma babu wanda zan kai wa ƙara.

Ya miƙo min wayar.

"Sa sabon kod. Dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe, wanda ba shi da ma'ana."

Na karɓa, hawaye na ɗiga kan gilashin. Kafin in yi tunani yatsana ya riga ni.

R... i... d...

Ya gani. Ya kau da kai.

Na goge su ɗaya bayan ɗaya, da hannuna.